Illo da Rigunan Aro

Duk wanda ya taɓa zama a Tahaggart, unguwar da mu 'yan Nijar muka fi yawa a Tamanrasset, ya san Illo mai buta. In bai san sunansa ba, ya san tafiyarsa: ɗingishi a ƙafar hagu, butar shayi a hannu ɗaya, ɗan murhun waya a ɗaya hannun, gawayi cike da aljihu. Ni Tijani tela, shagona a bakin hanyarsa yake, kuma na gaji da gaya masa aljihu ba buhu ba ne, don ni nake ɗinkewa in ya huje. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai in bai huda ba zan manta sana'ata. Ka ji mutumin da ake yi wa ɗinki kyauta.

Daga wani ƙauye yake a ƙasar Tasawa, kuma in kana so ka ɓata yininka, tambaye shi labarin ƙauyen. Zai fara daga rijiyar bakin gari, ya bi da kai gona gona, ya gaya maka wane gawo ne ya fi inuwa da rani, da yadda ƙasa take ƙamshi ranar ruwan farko. A nan Taman, kamar yadda muke taƙaita sunan garin, ruwan sama baƙo ne. In hadari ya haɗu a kan duwatsu, ko da kowa ya san ba zai zubo ba, sai ka ga Illo ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hanci sama, masu taksi suna ta danna masa oda.

Ya bar matarsa Balki da 'yarsu Mansura tana rarrafe. Yau Mansura tana lekkol, wato makarantar boko, har ita take karanta wa uwarta saƙo a waya. Bai taɓa jin ta ce masa Baba ba sai ta cikin wayar nan. Na sha ganin ya raka masu komawa gida tasha, ya ɗora musu kaya, ya tsaya har motar ta ɓace, sannan ya dawo shagona ya zauna a kan benci. Irin wannan rana ba na tsokanarsa, don kewa a fili take a fuskarsa. Ba rashin guzuri ne ya hana shi tafiya ba. Sufyanu ne.

A garinsu, in saurayi zai fita ci-rani karon farko, uwarsa kan kama hannunsa ta sa a hannun wani babba da za su tafi tare. Wanda aka damƙa wa amanar ba ya shiga gidansa ranar da ya dawo sai ya fara biyawa ta ƙofar uwar. Ko dai ya ce mata ga ɗanki, ko ya faɗi inda ya bar shi da halin da ya bar shi a ciki. Ranar da Illo zai taso, maƙwabciyarsu Inna Zainaba ta yi masa haka da Sufyanu, ɗanta namiji tilo. Illo ya ce ya karɓa, a gaban mutane.

Aikin gini suka samu, shantiye kamar yadda ake ce masa a nan. Ɗaukar siminti da bulo zuwa saman bene, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A irin wannan wuri ba ka daɗewa wani zai miƙo maka ƙwaya ya ce maganin gajiya ne. Tramol ke nan. Ka sha ka ji buhun siminti ya zama matashin kai, masu aiki suna yabonka, gobe kai za a fara ɗauka. Daga baya ba don ƙarfi kake sha ba, don ka iya tashi daga tabarma ne. Su biyun duka suka faɗa ciki, kuma babu wanda ya ga abin mamaki, don rabin ɗakinsu haka yake.

Wata rana farfaɗiyar da ƙwayar take kawowa ta kama Illo yana kan katako, ya faɗo, ƙugu ya karye. Abokan aiki suka ce iska ce ta buge shi. Shi ya san wace iska ce. A asibiti gadonsa ya yi kusa da na wani tsohon Buzu mai jin Hausa, wanda yake da lambun dabino a Tit, wani ƙauye can wajen gari. Da aka sallame su, tsohon ya ce ya biyo shi, ko ba ya iya ɗaukar kaya ai yana iya buɗe wa ruwa hanya tsakanin fangalai. A Tit babu mai sayar da ƙwaya a bayan katanga. Illo ya yi zufa, ya yi rawar jiki, gaɓoɓinsa suka yi ciwo har ya roƙi mutuwa. Ya ce tsohon bai taɓa yi masa faɗa ba ko sau ɗaya. In ciwon ya taso sai ya hura gawayi, ya ɗora buta, ya zauna kusa da shi har abin ya lafa.

Da ya dawo gari idonsa garau, bai tarar da Sufyanu a ɗaki ba. An daina ɗaukarsa aiki, ya sayar da bargonsa da wayarsa, ya koma ƙarƙashin gada a cikin busasshiyar korama, inda waɗanda ƙwaya ta gama da su suke kwana. A nan Illo ya same shi, kuma daga nan sana'ar buta ta samo asali.

Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, ba wanda yake biyansa. Da sassafe yana sayar da shayi da burodi a inda leburori suke jiran motocin masu neman ma'aikata, abin da yake ci ke nan. Da hantsi sai ya kwashe komatsansa ya gangara korama. Ya sami wuri kusa da mutum, ba kusa sosai ba, ya hura wuta. Ba ya tambayar kowa me ya sha, ba ya cewa a daina. Shayin nan na ƙasar nan zagaye uku ne, kuma ba a gaggawarsa. Na farko, in ji shi, mutum hararar ka yake yi. Na biyu yana tambayarka kai ɗan ina ne. In ya zauna har na uku, to wata rana da kansa zai ce ya gaji.

Ni da farko asarar sukari na ɗauke shi. Na ce masa, "Illo, mutanen ga tsawa suke so, ba shayi ba."

Ya ce, "Tela, tsawa sun sha ta har sun ƙoshi. Wa'azi na malamai ne. Ni zama na iya."

Ranar da wani ya ce ya gaji, Illo ba ya barin rana ta faɗi. Yakan sa shi a gaba zuwa asibiti, wurin wani likita da ya san shi, don yawancinsu ba sa jin Larabci, kuma suna tsoron in sun shiga wurin hukuma ba takarda ba za su fito ba. Shi yake yi musu tafinta, shi yake zama da su a kwanakin rawar jiki. In farfaɗiya ta kama wani a hanya, mutane suna neman cokali da tofi, shi sai ya kore su, ya juya mutumin ta gefe, ya sa masa hularsa a ƙarƙashin kai. Wasu sun tashi, wasu sun tashi sun koma, wasu mun kai su makwanci. Cikin waɗanda suka tashi akwai Khamisu, wani ƙaton Badamagare da a da ko sunansa ba ya amsawa, yau shi yake riƙe wa Illo murhu in ƙafar ta matsa masa.

Sufyanu ne kaɗai ya gagara. Yana shan na farko, yana shan na biyu, kafin na uku ya dahu ya miƙe. Yakan ce, "Yaya, ka tahi gida. Ka ce mata na wuce Libiya." Illo ya ce ba zai iya tsayawa a ƙofar Inna Zainaba ya dubi idonta ya yi mata ƙarya ba, gaskiyar kuma ba za ta fito daga bakinsa ba. Don haka ya zauna, shekara na bin shekara. In na ce masa ba ya gajiya, sai ya ce ai ba shi kaɗai yake aikin ba. Shi zama kawai yake yi, addu'ar Inna da take yi wa ɗanta kowace asuba ita ce za ta ɗago shi. Da wannan ya dogara, kuma da zuciya ɗaya.

To, akwai wata al'ada tamu ta 'yan ci-rani. Ranar Sallah kowa yana aika hoto gida. Wanda ba shi da riga ya ara, wanda ba shi da mota ya jingina da ta wani. Ba mu ɗauki wannan ƙarya ba, rufin asiri muke ce masa, don kada tsofaffi su kwana da tunani. Shagon tela kuwa ba ya rasa ɗinkin da mai shi bai zo karɓa ba tukuna. An ce tela maƙaryaci ne a jajibirin Sallah, amma ba a faɗin masu kawo yadi su ɓace wata da watanni.

Kowace Sallah Illo yakan lallaɓo Sufyanu daga korama. Don uwarsa, wannan kaɗai yake yarda da shi ba gardama. A kai shi gidan wanka, a yi masa aski, a kawo shi wurina. In zaɓo riga mai kyau, in tattare bayanta da allurai don kada a ga ramar. Mu naɗa masa rawani irin na mutanen nan, ya rufe kumatun da suka faɗa, mu sa masa baƙin tabarau saboda idon. Sai a tsayar da shi a gaban shagon maƙwabcina mai sayar da wayoyi, don ya fi nawa ƙyalli, a ba shi makullai ya riƙe. Wallahi in ka ga hoton sai ka rantse wani ɗan kasuwa ne. Illo ya tura wa Balki, ita kuma ta kai wa tsohuwa ta gani. Ko Balki ba ta san gaskiya ba. Abin da ya gaya mata shi ne Sufyanu bai shirya dawowa ba, shi kuma ba ya dawowa ba tare da shi ba.

Rigar da muka sa masa a Babbar Sallar da ta wuce shuɗiyar shadda ce mai farin aiki a wuya. Kame ya rutsa da mai ita aka mai da shi Nijar kafin ya karɓa, don haka ta ci gaba da zama a rataye a shagona.

Wata rana da la'asar Hajiya Ramatu ta shigo da yadi. 'Yar kasuwa ce daga wani ƙauye kusa da na su Illo, tana kawo yaji da turare, ta koma da dabino da barguna. Mace ce da ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Illo yana kan benci yana zuba mana shayi. Bayan gaisuwa idonta ya sauka a kan shaddar.

"Tela, wagga riga mi take yi nan?"

Na ce, "A rataye take, Hajiya, kamar yadda kika gani."

"Na san ta. Rigar Sufyanu ce ɗan Zainaba, mai shagon wayoyi."

Illo ya ajiye butar. Ya ce, "Wane shago, Hajiya?"

"Wanda ya tsaya gabanshi da makullai mana. Duk gari an gani." Ta gyara mayafi ta ci gaba. "Allah dai Shi shirya. Yaro ya samu duniya ya manta da wadda ta haihe shi. Kowace Sallah sabuwar riga, uwa tana daka ma mutane hatsi. Ko sabulu bai aiko ba, ko gaisuwa da bakinshi. Da hwarko yawo take da hoton gida gida tana murna. Yanzu in an kai mata kau da kai take yi. Kai ma, Illo, cewa ake daɗin shagon ya riƙe ka."

Muka zuba mata ido, ita kuwa ta ɗauka daɗin labarin muke ji.

"Azumin bara ta hwaɗi magana gaban mata. Ta ce ba ta tsine mishi ba, ɗanta ne. Amma ta hidda shi cikin addu'arta. Ta ce wanda Allah Ya riga Ya ba, mi zai yi da roƙon tsohuwa? Gara ta roƙa ma marasa shi."

Na daɗe da sanin Illo, na gan shi ya wanke gawar mutumin da ya yi wata yana zama da shi, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi irin yadda ta yi a ranar ba. Abin da ya jingina da shi duk shekarun nan ashe an janye tun bara, kuma da hannunmu muka janye shi. Gyaran gangar Auzinawa muka yi, a ƙasar Auzinawa kuwa. Hajiya ta dube ni, ta dube shi, ta dubi rigar, sannan ta rufe baki da hannu ta ce, "Innalillahi. Mi na hwaɗi?"

Da ta fita Illo ya kira Balki. Ta ce gaskiya ne, duk gari ya sani. Ya ce don me ba ta gaya masa ba? Ta ce ai ba a gaya wa matafiyi abin da zai tayar masa da hankali. Ashe yadda muke rufe musu daga nan, haka suke rufe mana daga can.

Na ce masa ya kira tsohuwar yanzu yanzu ya fayyace mata komai. Ya girgiza kai. Ya ce a aikinsa akwai abu ɗaya da ba a yi, ba a kai labarin mutum gidansu a bayan idonsa. Ranar da ya yi haka ga mutum ɗaya, babu wanda zai ƙara zama ya sha shayinsa a korama. Asirin na Sufyanu ne, sai abin da ya ce.

Washegari da hantsi na rufe shago na bi shi. Ban taɓa gangarawa koramar nan ba, ko da yake kullum ina wucewa ta kan gadar. Kwalaye ne a shimfiɗe, da tsummokara, da fatun ƙwaya ko'ina a cikin rairayi. Sufyanu yana jingine da ginshiƙi. Ba rawani ba tabarau, sai na ga ashe ban taɓa dubansa sosai ba, bayansa kawai na sani, inda nake soka allurai. Mutum ne da bai kai talatin ba, amma wuyansa ya zama na tsoho.

Illo ya hura wuta, amma a ranar ko na farko bai jira ya dahu ba. Ya gaya masa duk abin da Hajiya Ramatu ta ce, bai rage ba bai ƙara ba.

Sufyanu ya yi dariya. "Mai shagon wayoyi," in ji shi. Sai dariyar ta tsaya. "Tun yaushe ta bari?"

"Tun azumin bara."

Ya daɗe yana kallon rairayi. Ya ce, "Ni ina nan ina cewa, ko duniya duka ta bar ni, Inna tana ambato na da asuba."

Illo ya ce in ya yarda a kira ta, ta gan shi yadda yake. Sufyanu ya ce a'a. Ya ce gara ta yi fushi da ɗa mai arziki da ta yi kukan ɗan ƙwaya, fushi ba ya kashe tsohuwa amma wannan yana iya kashe ta. Ni na buɗe baki zan yi magana, Illo ya taɓa mini gwiwa.

Ya ce, "Asirinka ne, ƙanena. In ka ce a'a, a'a ce, kuma gobe ina nan tahe da buta kamar kullum. Abu guda dai, ba ni ƙara sa maka riga."

Ya zuba shayi. Sufyanu ya sha na farko, ya tashi ya yi tafiyarsa. A hanyar dawowa na yi ta faɗa, na ce wannan wane irin haƙuri ne, mutum yana riƙe da kai a ƙasar mutane, 'yarka tana girma ba ta san ƙamshinka ba, kai kana zuba masa sukari. Illo ya ci gaba da tafiya, ɗingishinsa kawai ya ƙaru.

Kwanaki suka wuce ba labari. Sai ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ɗaga kai daga keken ɗinki na ga Sufyanu a ƙofar shago, cikin tufafinsa na korama. Hannunsa yana rawa, zufa tana keto masa, alamar bai sha komai ba tun safe. Ya dubi Illo a kan benci.

"Yaya, kira ta. Kada a ba ni rawani."

Illo ya kira Balki, ta ɗauki waya ta shiga gidan Inna Zainaba, aka kunna hoto. Layin yana yankewa yana dawowa. Can fuskar tsohuwa ta bayyana, ta matso da ido kusa da gilashin. Illo ya gaishe ta, ta amsa a daƙile. Sannan ya juya wayar.

Ta duba, ta ce, "Wane ne wanga? Ina Sufyanun?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sufyanu ya dubi wayar ya amsa.

"Inna, ni ne."

Muryar ta gane.  Sannan ta ce, "Matso da huskarka." Ya matso. "Ciwo kake?"

"Ƙwaya ce, Inna. Tramol. Na daɗe ciki."

"Shagon hwa?"

"Ba nawa ba ne."

"Rigunan?"

"Na aro ne."

Ta kira sunan Illo, ya amsa, ya matso kansa a sunkuye. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mana sauƙi.

"Illo, na ba ka ɗana ka tsare mini, ban ba ka ka ɓoye mini shi ba. Shekara guda ina tashi da asuba, in roƙa ma kowa, in na zo kan sunanshi in tsallake. In tsallake, Illo. Ashe lokacin ya hi kowa bukata."

Sai ta fashe da kuka, mu ma muka taya ta, har da ni da ba ni da alaƙa da ita ta jini. Ba ta jira asuba ba. A nan take ta ɗaga hannu ta fara, tana kiran sunansa, tana maimaitawa kamar mai rama sallolin da suka kuɓuce mata. Sufyanu ya durƙusa a cikin tarkacen yadi yana cewa amin, har cajin wayar Balki ya ƙare.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba, don ni ƙaryata ta tsaya a jajibirin Sallah. Washegari ya bi Illo wurin likita, wannan gaskiya ne. Ya yi makonni yana fama, ya koma korama, Illo ya gangara da buta, Sufyanu ya sake fitowa. Abin da ya canza shi ne yanzu yana zama har na uku, kuma duk Juma'a Balki tana kai wa tsohuwa waya su yi magana, ko yana cikin hali mai kyau ko ba ya ciki. Da sanyi ya shigo, iyalin tsohon Buzun nan suka karɓe shi a lambun Tit. Likita ya ce kada a yi gaggawar sa shi a doguwar hanya, shi ma ya ce ba zai shiga garinsu ba sai ƙafarsa ta tsaya da kyau.

A ɗaya daga cikin Juma'o'in nan Inna Zainaba ta ce a ba ta Illo. Ta ce, "Na sauke maka. Ka taho ka ga ɗiyarka. In ka iso ka biyo ta ƙohwata yadda aka saba, amma ba sai ka hwaɗi komi ba, na riga na san inda ka bar shi."

Illo ya fara kawo dalilai, wai wa zai riƙa leƙa Sufyanu, wa zai gangara korama. Khamisu ya ce masa shi ba gunki ba ne, ya iya hura gawayi, ya kuma san hanyar Tit. Na ce in bai tafi ba ni da kaina zan ɗaure shi a saman mota tare da bargunan Hajiya Ramatu. Ya yi dariya, amma na lura tsoro yake ji. Mutumin da ya daɗe yana son abu, ranar da aka ce ga shi jikinsa sanyi yake yi.

Ana saura 'yan kwanaki ya tashi, ya shigo shagona da ƙunshi a hammata. Atamfa ce mai ruwan ganye da furanni, ya ce ya zaga kasuwar Asihar kaf kafin ya zaɓe ta. Riga da zane yake so in ɗinka wa Mansura, wai ba ya so ya shiga mata hannu rabbana.

Na shimfiɗa yadin a kan tebur na ɗauko almakashi. Na ce, "To, ba ni awonta."

Ya ce bai san awonta ba.

Na ce, "Ba kana ganinta a hoto ba?"

Ya dube ni, na dube shi. Mu biyun nan dai ba mu ne za mu gaskata hoto ba. Sai ya miƙa hannu ya kai daidai gwiwarsa, inda ya bar ta. Ya fara ɗaga shi a hankali, ya wuce ƙugu, ya kai ƙirji, ya ɗan sauko, ya sake hawa. Hannun ya tsaya a iska.

"Tela," in ji shi, "kai da ka ɗinka ma yara da yawa. Ɗiya mai shekarunta, ina take kai ma ubanta?"

Na ce ya riƙe hannun a nan kada ya motsa. Na auna daga ƙasa zuwa tafinsa, na ƙara taƙi guda.